Jirin da Corinne Ta Ɓoye

Ana saura 'yan kwanaki a tafi gasar ƙasa, Corinne Halushka ta faɗi a wajen atisaye, ƙeyarta ta bugi ƙanƙara.

A garinmu da ke lardin Manitoba na ƙasar Kanada babu wanda bai san Corinne ba. Tun tana ƙarama take wasan zamiya a kan ƙanƙara, irin na mutum biyu, wanda namiji ke ɗaga mace sama da hannu ɗaya yana juyi da ita. Abokin wasanta Devin ne, wani dogo mai yawan tsokana. Sun sha cin gasar lardi, kuma a shekarar ne ake sa ran za a zaɓe su su wakilci Kanada.

Akwai abin da ake koya wa duk yarinyar da ta shiga wasan nan. In kin faɗi, ki miƙe kafin kiɗa ya wuce ki, ki saki fuska, kada alƙalai su ga alamar zafi. Corinne ta fi kowa iya wannan. Don haka da ta faɗi a ranar, sai ta miƙe tana dariya.

"Ke kika ji ciwo ko ƙanƙarar?" in ji Devin.

"Je ka tambaye ta, rago kawai. Ai kai ka sake ni."

"Ni? Wa ya ce ki cinye dankalin gidanku jiya?"

Da ta koma gida jiri ya kama ta, ta yi amai. Hasken fitila ma sai da ta kashe, don sukar idonta yake yi. Washegari ta ja kocinsu, Marlene, gefe ta gaya mata.

Marlene ta ce, "Kin san doka, 'yata. Da zarar na kai maganar gaba, likita zai hana ki hawa ƙanƙara sai bayan gasa. Devin ma ya rasa ke nan, don ba shi da wata abokiyar wasa. Jirin da yawa ne?"

"Kaɗan ne."

"To, ni ban ji komai ba."

Corinne ta sha maganin ciwon kai, ta ɗaure takalminta. Ba ta gaya wa mahaifiyarta ba, ba ta gaya wa Devin ba.

Ranar gasa zaure ya cika maƙil, har mutanen garinmu sun zo a mota guda da tutoci. Kiɗa ya tashi, suka fara lafiya ƙalau. Tsallen farko ya yi kyau, na biyu ya fi shi. Sai aka zo wajen ɗagawa. Devin ya cira ta sama yana juyi, manyan fitilun zauren suka haske mata ido. Nan take ta kasa bambance sama da ƙasa. Hannunta ya zame daga nasa, ta faɗo ta ka.

Ta yunƙura za ta miƙe, ƙafafu suka ƙi. A kan gadon ɗaukar majinyata aka fitar da ita.

A asibiti likita bai ɓoye mata ba. Ya ce, "Bugu na biyu da ya zo kafin na farko ya warke, shi ya yi ɓarnar. Da kin huta makonni kaɗan, da baɗi kina kan ƙanƙara. Yanzu kam wasa ya ƙare."

Devin yana tsaye a bakin gado, ya ji komai. Ya ce, "Wane na farko? Wanda kika miƙe kina dariya?"

"Saboda kai na yi shiru," in ji ta a hankali.

"Saboda ni? Corinne, gasa duk shekara ake yin ta. Da kin faɗa min, wallahi da ban ɗaga ki ba."

Yau Corinne tana gidan mahaifiyarta. Ba ta tuƙa mota, ba ta iya daɗewa tana kallon waya. Filin wasan da ta tashi a cikinsa ma ba ta shiga, domin farin ƙanƙara a ƙarƙashin fitila yana tayar mata da ciwon kai. Devin kuwa bai sake ɗaga kowa ba.

Jama'a, bugu a ka ba a yi masa jarumta. Duk wanda ya bugu, yaro ne ko babba, a kai shi wurin likita, a bar shi ya huta har ya warke. Kuma babban da yaro ya kawo wa kukan ciwo ya yi kamar bai ji ba, da hannunsa a cikin duk abin da ya biyo baya.