Sharaɗin Mai Littafin Kalanda

Ƙawata, matso ki ji abin da ya faru da Auta.

Kin san aikinta rubuta manhajar waya. Ita da abokan aikinta sun haɗa wata mai juya kwanan watan Turawa zuwa na Musulunci, suka ce kyauta za su sake ta, kowa ya ɗauka ya gyara ya ƙara, sadaka mai gudana. Ana gab da saki, wani cikinsu ya duba bangon tsohon littafin da suka kwafo lissafin, ya tarar mai shi ya gindaya sharaɗi: kada kowa ya sa dabararsa a na'ura sai da izininsa. Sunan marubucin kuma na aro ne, kamfanin da ya buga littafin ya daɗe da rufewa.

Auta ta ce ba za ta yi sadaka da haƙƙin wani ba. Mafita ɗaya ce, a samo wanda zai ƙago lissafin daga tushe ba tare da ya leƙa littafin ba. Su kuwa duk sun haddace shi.

Sai ta tuna da kawunta, tsohon malamin lissafi, wanda yanzu ba shi da aiki sai ban ruwan shukoki da musu da rediyo. Tana ambatar littafin ya yamutsa fuska, ya ce ko miƙo masa aka yi ba zai buɗe ba.

"Yaro ne marowaci," in ji shi. "Wa ya taɓa sa wa rana da wata kwaɗo?"

Matarsa tana guga, ta yi dariya har ta kusa ƙona riga.

Ya ture kwanuka daga teburin cin abinci, ya fiƙe fensir. Kafin mako ya zagayo ya fito da sabuwar hanya, ta fi ta littafin gajarta, ya sa hannu cewa ya bar wa duniya. Auta ta tambaya ko mai littafin zai iya kai ƙara duk da haka. Kawu ya ce ta je ta saki abinta, ba zai kai ba.

Aka saki manhaja, jama'a na ta sa albarka. Ranar da Auta ta je godiya, matar kawu ta rako ta bakin ƙofa, ta raɗa mata abin da ya sa ta zauna daɓas a dakali.

Ki rufa wa dattijo asiri, ƙawata, kada kowa ya ji: yaron nan marowaci, Kawu ne, shi ya rubuta littafin tun kafin a haifi Auta.