Rabin Awa Zuwa Pago Pago

Paniani ya hau sikelin filin jirgi, allura ta wuce ɗari da talatin ta ci gaba da tafiya. A ƙananan jiragenmu mutum ake aunawa da kayansa. Yarinyar da ke awon ta rubuta, ta ce, "Baba, kilo shida ka ƙara."

Matarsa Losivale tana bayansa. Ta ji.

Wata uku ke nan da likita ya ce in bai rage ci ba, ƙafar hagu za ta tafi. Losivale ta ja shi gaban fasto, ya dafa Littafi ya rantse: naman gwangwani da ganyen gwaza mai madarar kwakwa, sai ran Lahadi kaɗai. Sauran kwanaki dafaffen kifi da ɗanyar ayaba. Paniani kuwa ba ya karya rantsuwa. Ni da na fi kowa gaskiya a tsibirin Upolu, shi ne na biyu.

Tun daga nan zumunci ya kama shi. Kowace Litinin da safe sai ya hau jirgi daga Apia, babban birninmu, zuwa Pago Pago da ke tsibirin maƙwabta ƙarƙashin wata gwamnati daban, gaida yayarsa Fetuao, wadda ya yi shekara tara bai leƙa ba. Talata ya dawo, fuska na sheƙi.

Ba wata tafiya ba ce. Mil tamanin da 'yan kai, rabin awa. Ni na yi ta har direban jirgi ni yake tambaya hanya. Losivale dai rabonta da can tun tana budurwa, tun kafin shekarar nan da gwamnati ta cinye mana Juma'a guda, muka kwanta Alhamis muka tashi Asabar.

Wannan Litinin ɗin, da ta ji zancen kilo shida, ita ma ta sayi tikiti.

"Tsohuwa, iska ba ta da kyau yau."

"Hau, tsoho. In mun faɗa teku kai za ka yi iyo, ni in zauna a kanka."

Jirgi ya tashi. Losivale tana kallon ƙafar, ta kumbura har igiyar takalmi ta nutse.

Suka sauka. Shaguna a rufe, mata cikin fararen kaya da huluna, hayaƙin gashi yana tashi bayan kowane gida. Losivale ta taɓe baki. "Dala ta lalata mutanen nan. Ko aiki ba sa fita."

A gidan Fetuao an riga an shimfiɗa tabarma. Ga naman gwangwani, ga ganyen gwaza yana naso. Paniani ya wanke hannu, ya yi addu'a, ya ja kwano gabansa.

Losivale ta riƙe masa wuyan hannu. "Ka dafa Littafi, Paniani. Gaban fasto."

"Na dafa."

"Jiya ka ci naka. A gabana ka ci, har ka suɗe kwano."

"Na ci."

Ta juya wajen yayar mijin. "Yaya, ke kike ba shi? Ƙafarsa za su yanke."

Fetuao ta ajiye ludayi, da gaske ba ta gane ba.

"Ni fa ce mini ya yi an yarje masa ran Lahadi. Ku ne aka tura gaba da kwana ɗaya, ƙanwata. Mu nan yau Lahadi."