Shanyar Bayan Ɗaki

Istifanus ya ɗaga faifan, ya ja dogon tsaki. Yau ma an rage masa shanya.

Tun da aka rufe ɗan ofishinsu na Malumfashi saboda tsuke bakin aljihu, aka ce kowa ya ci gaba da aiki daga gida, bai ƙara samun sukuni ba. Aikin kuwa, Allah ya kiyashe mu. Ya bi garkunan garin Ƙarfi yana tsintar kashin tumaki, ya cuɗa, ya mulmula, ya daɓe, ya shanya, ƙarshen wata direba ya kwasa ya kai Zariya a auna irin abin da dabbobin ke ci. A ofis akwai safar hannu da famfo da ɗaki mai kwaɗo. A gida sai faifai da bayan ɗaki da ƙudaje.

Matarsa Liatu malamar firamare ce, ita ke sammakon fita, shi yana zaune. Ai kuwa gari ya ɗauka cewa korarsa aka yi, zaman kashe wando yake. Wannan ya ce tunda yana gida ya sa masa ido a kan akuya, waccan ta ce in hadari ya taso ya kwashe mata wanki. Mutum da takardarsa ta sakandare ya koma ɗan aiken unguwa.

Kunya ta hana shi faɗin ainihin abin da yake yi. Ko mahaifiyarsa Tsohuwa, wadda ke riƙe da girkin gidan, da ta tambaya cewa ya yi, "Gwajin abinci ne na gwamnati, Inna." Liatu kaɗai ta sani, ita kuma ko tabarma ɗaya ba ta zama da shi sai ya dirje hannu da sabulu. Tsohuwa ce dai ba ta taɓa kukan wari ba, don shaƙar taba ta daɗe da kashe mata hanci.

Shi kam ƙyamar ta bi shi har jini. Ya wanke hannu ya sake wankewa, ya zauna cin abinci, duk lomar da ya kai baki warin aikinsa yake ji. Ya rame. Ya san zaman gida ne ke cinsa, don a da in ya tashi daga ofis can yake baro ƙazantar.

Sai ga wannan masifa ta ɓacewar shanya. Ya zargi kaji, ya ɗora faifan a kan rumbu. Ya zargi ɓeraye, ya kifa kwando. Duk a banza. Wancan watan direban, Aƙilu, ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: "Maigida ya ce ba ka aiki, barci kake a gida. In na sake zuwa ban tarar da kaya cikakku ba, ka nemi wani aikin."

Daga nan zarginsa ya tsaya a kan maƙwabcinsa Sanda, wanda tun ana ofis yake nema wa ƙanensa gurbin aikin nasa. Wane irin baƙin ciki ne zai sa baligi ya tsallako katanga satar kashi? Tir da wannan hali.

Ranar da Aƙilu ya dawo, ya leƙa kwalin kayan, ya girgiza kai. Istifanus ya san ta ƙare. Tsohuwa ta kawo musu tuwon dawa da miyar kuka, suka zauna a inuwa. Aƙilu ya gyara zama ya hau ci. Istifanus ya yanko loma yana huci, yana rantsuwa yau sai ya kai Sanda gaban mai unguwa, kowa ya ji wanda ya raba shi da abincinsa.

Tsohuwa ta leƙo daga madafa, muciya a hannu.

"Kai ɗan nan, bar ɗaukar alhakin bawan Allah, ni nake ɗiba. Ina dalili in tafi kasuwa sayen daddawa, ga ta gwamnati shanye a bayan ɗaki? Ci tuwonka, tun damina da ita nake yi muku miya."