Shaguna Arba'in Ba Wurin Yanka

Alhaji, ajiye takardar nan tukuna, yatsana ba guduwa zai yi ba. Wallahi na gaji da dangwale. Tun ina da haƙora a baki ake kawo mini takardu ina shafa musu tawada, har yau ban ga wadda ta zama rumfa na fake a ciki ba. Zauna in ba ka wani misali, in ka ga abin ɗauka ka ɗauka.

An yi wani direba a wani ƙauye, shekara ashirin yana jigilar hatsi zuwa kudu har bayansa ya soma ƙi. Ya ce shi kam kwalta ta ishe shi, gida zai dawo. Ya sayar da babbar motarsa, wadda ita ce cinsa ita ce shansa, ya sa aka buga bulo aka jibge a wani fili bakin titi. Nufinsa ya gina shaguna arba'in, a tashi kasuwar garin daga kwarin da take, inda ruwa ke kwana duk damina, a dawo da ita kan tudu. Niyya dai ba ta da aibu, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Sai ƙaramar hukuma ta ce ba izini sai kwamiti ya zo ya ji daga bakin mutanen gari, kuma zama ɗaya ne tak, in aka ga kan jama'a a rabe an rufe maganar.

To, bawan Allah ya shiga yawo, kuma ka san mutanenmu. Wannan ya ce sai ya shawarci wansa da ke birni, wancan ya ce a dawo bayan girbi, wani kuma sai ka maimaita masa zancen sau uku sannan ya tambaye ka wai me ma za a gina. Ya durƙusa gaban dagaci, ya bi liman har gona, ya zauna da 'yan tireda da teloli da masu awo, ya tura matarsa cikin gidaje wurin masu ƙuli-ƙuli da daddawa. Wata huɗu yana abu ɗaya, takalminsa ya cinye, muryarsa ta dushe, dangwale ya cika takarda shida. Gida ɗaya ne bai taka ba, gidan Sarkin Fawa, shugaban mahauta, can bayan gari inda ungulaye ke sauka. Kuma ba mantuwa ya yi ba. Da mai zana ginin ya tambaye shi inda za a ware don yanka, cewa ya yi shi kasuwar zamani zai gina, ba ya son ƙarni da ƙudaje a ƙofar shagunansa. Mahauta kuwa, in ji shi, ai duk inda jama'a ta nufa za su biyo baya da wuƙaƙensu, sai an roƙe su?

Ranar zama aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan dagaci, aka yi ta karanta sunaye har rana ta take. Shugaban kwamitin wani tsohon malamin gona ne, ya san ƙauye ciki da bai. Ya duba zanen, ya juya shi, ya sake dubawa, sannan ya tambaya a ina za a riƙa yanka. Sarkin Fawa na can ƙarshen taro a tsaye, ba wanda ya matsa ya ba shi wurin zama. Ko murya bai ɗaga ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ba a tambaye mu ba. Muna nan inda iyayenmu suka yi yanka. Allah ya sa alheri." Ya saɓa rigarsa ya tafi.

Shi ke nan fa, kamar an zare bakin buhu. Wata tsohuwa mai tuwon kasuwa ta ce ita ba ta kai tukunyarta inda ba ko ƙashin da za ta jefa a miya. Dillalan awaki suka ce to su wa za su sayar wa? Makiyayan da ke kawo dabbobi kuwa su ne masu sayen gishiri da atamfa da takalma, sai 'yan tireda suka soma kallon juna. Dama mutumin ƙauye in ya je kasuwa bai koma gida da ɗan ƙunshin nama ba, a wurinsa kasuwa ba ta ci ba. Mutanen da suka dangwala da yatsunsu suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya, wai za su yi alwala. Kafin la'asar kwamiti ya naɗe takardunsa.

Washegari direba ya tafi gidan nan na bayan gari, ya cire takalmi tun daga zaure. Aka karɓe shi da mutunci, aka kawo masa balangu mai zafi, aka ce masa ai an riga an yi zama, sai haƙuri. Bulon yana nan har damina bakwai, ciyawa ta keto ta ramukansa, awaki na hawa suna sauka. Shi kuwa ya koma tuƙa motar wani da furfurarsa. In na tuna shi har yau sai jikina ya yi sanyi, don mutumin ya wahala, kuma ƙofa ɗaya ce ta rage masa. Hausawa ba su yi ƙarya ba, Alhaji: ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.