Agogon Hamma Mika'ilu

Saura sati uku bikinsu, Suhaib ya zo gidan su Naziha a Bekaji ya miƙa mata ɗan akwati. Sabon agogon Seiko ne na mata, siriri, ruwan zinare.

"Ya yi kyau," ta ce. "Zan jera shi da Seiko takwas da Baba ya tara."

"Ba na ajiya ba ne." Ya saci kallon tsohon Seikon maza da ke hannunta. "Goggona ta ce amarya ba za ta shigo mana da agogon wani namiji ba."

"Wani namiji?" Ta zuba masa ido. "Hamma Mika'ilun ne wani namiji? Yayana da ya ɗaura min shi, ya koma Mubi ranar da aka shiga garin da bindigogi, har yau ba labarinsa?"

"Na sani. Ki adana shi kawai, ai ba zai ɓata ba."

"Ba abin da ka sani! Wannan ba shi da batir, motsin hannuna ke tafiyar da shi. In na cire shi kwana biyu, zai tsaya. Na Baba duk sun tsaya tun rasuwarsa. Wannan kuwa shekara goma bai tsaya ba."

Suhaib ya sunkuyar da kai.

Ta tura masa akwatinsa.

"Je ka gaya wa Goggo, ba ni zan tsayar da shi ba. In gidanku ba zai ɗauke mu mu biyu ba, ta faɗa tun yanzu."