Tabon Gaggafa

Wani baduku ne, in ya zauna a rumfarsa allura na gudu, baki na gabanta. Cewa yake duk ƙasar ba a haifi mai hawan itace kamarsa ba: wai yana saurayi ya hau kuka har sheƙar gaggafa, ba igiya ba turke, ya sauko da ɗanta a aljihu. In ya ga ana kallon juna, sai ya ture hula ya nuna tabon ƙeyarsa, ya ce farcen uwar ne. Kukar kuwa duk shekara sai ta ƙara tsawo a bakinsa. Ana nan, gaggafa ta yi sheƙa a kukar bakin kasuwa, ta ƙarar da 'yan tsakin mutane, har ta sure ɗan akuyar mai unguwa. Mai unguwa ya ce, ai muna da gwani a gida, baduku ya hau ya rushe sheƙar. Masu ɗibar zuma suka kawo igiya, da sababbin turakun da ake kafawa a jikin kuka a taka, da ƙwaryar kifawa a ka, suka ce ya tuɓe riga, ya jira uwar ta tafi kiwo. Baduku ya dubi kayan nan kamar ya rungume su, amma bakinsa ya riga ya ce na matsorata ne. Ya ce a kau da su.

Ya kama tsofaffin turakun bara, waɗanda damina ta jiƙa gara ta ci, ya fara hawa. Bai kai tsawon soro ba inuwar gaggafa ta gifta. Ya saki hannu zai kare kai, turken ƙafarsa ya karye. Allah ya yi da sauran kwana, wani turke ya cafe rigar da ya ƙi tuɓewa, ya tsaya yana reto kamar salka, hula a ƙasa, ƙeya a fili. Da aka sauko da shi, yana haki, ya ce ai wancan karon bai yi wannan ƙibar ba. Sai yayarsa, tsohuwa mai sayar da daddawa, ta leƙa tabon ta ce, "Auta, wannan ba shi ne kazar Inna ta yi maka ba, ran da ka cusa kai akurki za ka saci ƙwai?" Ka ji dalilin da ya sa ake cewa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.