Galmar Baba

Ba a daɗe da ba mu jiha ba, Baba ya kawo wani mutumin Bungudu gonarmu ta bayan Tsafe, da na'urar gano ƙarfe. Wai gonar kufai ce, mutanen zamanin da sun binne azurfa a ciki.

Na'urar ta yi ƙara a tsakiyar geron da ya fara fitar da kai. Baba ya ce, "Ku tumɓuke!" Muka yi ta tumɓukewa, kunya bayan kunya, suna haƙa. Da la'asar suka ciro tsohuwar galma, duk tsatsa.

Baba ya goge ta da rigarsa yana murmushi. "Wagga tawa ta! Tun bara waccan nike biɗar ta."

Dusa muka ci a shekarar. Har ya rasu labarin galmar yake bayarwa, bai taɓa ambaton geron ba. Allah ya jiƙansa, amma ni ban huce ba.